Tauraro a Gefen Suna

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sanarwa ta fito yau, an manna ta a allon sashe. Duk mai neman matakin babban malami ya kai fayil ɗinsa ofishin rajistara kafin ƙarfe huɗu na Juma'a, 28 ga wata. Wanda ya rasa wannan zagaye sai bayan shekara uku. Ina karantawa ina murmushi, don shekarata tara ina jiran takardar nan, sai na ci karo da sharaɗi na shida, wanda babu shi a da. Wai dole a cikin maƙalun mutum a samu aƙalla guda ɗaya da shi ne mai tauraro.

Baban Auta ya tambaye ni a waya mene ne kuma tauraro. Na ce masa idan mutum uku suka rubuta maƙala, mujalla ba ta magana da su duka. Mutum ɗaya take rubuta wa, shi ake sa wa ɗan tauraro a gefen suna, a rubuta imel ɗinsa a ƙasa. Duk mai tambaya ko gyara ko ƙorafi shi zai nema. Kwamiti ya ce wannan ce shaidar mutum ya tsaya da ƙafarsa. Shi da yake tuƙi yake koyarwa, cewa ya yi ashe dai mai riƙe da sitiyari ne, wanda ɗan sanda ke tsayarwa. Na ce haka ne, sai dai mu a nan rububin a tsayar da mu muke yi.

Maƙalata tara, a biyar sunana ne na farko. Tauraro ko ɗaya ba ni da shi, duka na Baba ne, malamina, don haka aka saba a ɗakin gwajinmu tun kafin in zo: Farfesa ne mai tauraro. Ban taɓa cewa uffan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma gardin nan shi ya koya mini yadda ake riƙe kwalbar awo, to me zan ce?

Ta goma ce tawa. Rijiya arba'in da biyu a unguwar masu fasa tsofaffin batura, shekara uku ina ɗibar ruwa ina auna dalmar da ke ciki. Baba da bakinsa ya ce wannan tauraron nawa ne, kuma da hannuna na sa shi a gefen sunana. Dogo, abokin ofishina kuma na biyu a maƙalar, shi ya tura wa mujalla, don a makon ina asibiti da Auta. Wata huɗu ke nan shiru. Gobe zan rubuta musu.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na tura. Na yi ladabi har ya yi yawa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Amsa ta zo, layi uku. Suna godiya, amma ba sa tattauna maƙala sai da marubucin da ke karɓar wasiƙunta, kuma a rajistarsu ba ni ba ce. Na karanta sau huɗu ko idona ne. Na sake rubutawa na ce to wane ne? Suka ce wannan ma shi kaɗai za su gaya wa.

Mu uku ne a maƙalar: ni, Dogo, Baba. Ni an ce ba ni ba ce. Baba yana hutu wata uku ke nan, kuma ko da yana nan ba ya taɓa kwamfuta, cewa yake haskenta na sa masa ciwon kai. Ba sai mutum ya yi digiri na uku ba kafin ya cire biyu daga uku.

Dogo na zaune taku uku daga teburina, yana duba takardun jarrabawa yana ɗan waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa. Shekara bakwai muna ofis ɗaya, butar shayi ɗaya. Shi ya ɗauko mini manyan yara daga makaranta duk kwanakin da aka kwantar da Auta. 

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na gwada shi. Ina zuba shayi, ban dube shi ba, na ce ko ya ji wani abu daga mujallar nan. Murfin bironsa ya faɗi. Ya daɗe a ƙarƙashin tebur yana lalube kafin ya ɗago ya ce ai mujallu ba sa sauri, in ƙara haƙuri. Daga nan ya tuna yana da aji. Ba shi da aji ranar Juma'a, jadawalinsa na manne a bayan ƙofa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na zauna na ƙirga masa. Maƙalarsa bakwai, shi ma babu tauraro, shi ma shekarunsa sun kai na neman matakin. Sai dai sanarwar ranar Litinin ta fito, shi kuwa tun wata huɗu ya tura. Wa ya gaya masa sharaɗi na shida tun bai fito ba? Ƙanin matarsa a ofishin rajistara yake aiki. Biri ya yi kama da mutum.

Asabar, 8 ga wata, hantsi

Baban Auta yana wanke motar koyo a ƙofar gida, ina tsaye a kansa ina jero masa hujjoji. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in ba zan tambayi Dogo kai tsaye ba, me zai hana in je in tambayi Baba, gidansa ai ba bayan duniya yake ba.

Na ce a bar kaza cikin gashinta. Ya ci gaba da matse soso.

Ba zan je gidan ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na shiga ofishin Anti karɓar alli, na tarar firinta na aiki. Tana ganina ta miƙa hannu ta kife takardar da ta fito, ta ɗora waya a kai, ta shiga tambayata jikin Auta. Auta ya warke tun wata uku, har ta zo ta gan shi yana ƙwallo.

Anti shekararta ashirin da shida tana yi wa Baba aikin sakatariya. Ita ke buɗe imel ɗinsa kowace safiya, ta buga masa a takarda, ta jera a koren fayil, shi kuma ya rubuta amsa da jan biro a gefe ta mayar. Tun da ya tafi hutu na ɗauka koren fayil ya huta. Yau na gan shi a kan teburinta, kuma ya yi kauri.

Ashe ba mutum ɗaya ba ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Ƙarfe biyu Dogo ya tashi ya ce zai je gyaran tabarau. Ta taga na hango shi ya shiga wurin Anti hannu wofi, ya fito da ambulan a hammata, ya nufi bakin titi. Tabaransa na nan a kan tebur, lafiyarsu ƙalau, har na gwada su.

Na je na duba littafin fita da ke wurin mai gadi, kamar ina neman sunana. Laraba huɗu a jere, ƙarfe biyu. Ko ya ce banki, ko asibiti, ko makarantar yara.

Alhamis, 13 ga wata, azahar

Na yi wa 'yan aji biyu faɗa a banza. Wata har da hawaye.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na je wurin shugaban sashe. Ban ambaci sunan kowa ba, tambaya kawai na yi: da gaske rashin ɗigon nan zai iya tsayar da mai maƙala tara? Ya jingina da kujera ya yi dariya. Ya ce a zamaninsu tauraron nan wahala ce, wanda gidansa ya fi kusa da gidan waya ake liƙa wa, shi zai yi ta zirga-zirgar kai wasiƙa. Shi kansa har ya zama Farfesa ba wanda ya taɓa tambayarsa yana da shi ko ba shi da shi. Na ce to yanzu fa? Ya ce yanzu an rubuta a takarda, abin da aka rubuta kuwa ya rubutu.

Wato abin ba komai ba ne, amma zai cinye mini shekara uku.

Har na kai ƙofa sai ya ce in bi a hankali da lamarin Baba. Ni ban ambaci Baba ba. Akwai lauje cikin naɗi, kuma na fara jin kowa a ginin nan ya san abin da ban sani ba. Mai shara ma gaisuwarta ta yi tsawo yau.

Lahadi, 16 ga wata, bayan la'asar

Na ce ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talatar nan ba, wata uku ke nan ban rubuta ba. Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ina ɗakin gwaji da ɗalibai goma sha ɗaya, littafin awona na rijiyoyi a hannuna, ina nuna musu yadda ake shigar da sakamako. Baba ya shigo. Ya tsaya yana kallona. Ya zo ya fizge littafin, ya rungume shi a ƙirji, ya ce a kira mai gadi. Kalmar da ya kira ni da ita ba zan sa ta a nan ba, ta masu ɗaukar kayan mutane ce. A gaban yara goma sha ɗaya. Na ɗauki jakata na fita. Washegari na tarar da littafin a kan teburina, ban san wa ya ajiye ba. Mako na zagayowa aka ce Baba ya tafi hutu.

Sun ce ba shi da lafiya. Ni dai na san a makon nan ɗin ya gyara wa Dogo wani lissafi mai shafi biyu bai kuskure ko ɗigo ba. Wace irin rashin lafiya ce ke zaɓen wanda za ta ci wa mutunci? Shekara goma sha biyar ina kiransa Baba, da gaske nake kiransa, don nawa ya rasu ina ajin farko. Abin har yau yana mini zafi kamar jiya.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na bincika kwandon sharar Dogo bayan ya tashi. A ƙarƙashin ɓawon lemo na samu rabin takarda mai tambarin mujallar. Jadawali na uku ne, nawa, na rijiyoyin da ke kusa da makaranta, an gyara ma'aunin da ke samansa an ƙara layi biyu na bayani. Gyaran daidai ne, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ke nan masu duba maƙala sun amsa tuni, an ce a yi gyara, an yi, an mayar, ni ina nan ina ƙara haƙuri. Baba ya ce nawa ne, Dogo ya tare. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Saura kwana goma sha ɗaya.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na sa Baban Auta ya zo da mota ƙarfe biyu saura. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa jin an bi sawun mutum da motar koyo mai allo a sama da jar alama a gaba da baya ba, amma ya zo. Dogo ya fito da ambulan ya tari tasi, muka bi. Muka wuce kasuwa, muka wuce gidan mai, tasi ta karya dama a wurin tankin ruwa. Na san layin nan. Shekara huɗu ina zuwa layin nan duk Asabar da babi-babin digirina.

Gidan Baba ya shiga. Ko ƙwanƙwasawa bai yi ba.

Baban Auta ya kashe mota ya ce tunda ga mu ga gida, in shiga mana. Na ce ya tayar mu tafi. Ya dube ni, ya tayar.

To ashe guga bai yi gaban kansa ba, rijiyar ce ta janye. Baba ya fasa, ya ba ɗan lelensa, Anti na buga musu, shugaban sashe na rufa musu. Komai ya fito fili.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Da safe na je ofishin rajistara karɓar fom, ko da ba zai yi amfani ba. Duk wanda ya karɓa yana sa hannu a rajista. Na bi sunayen sau biyu da yatsa. Babu Dogo. Na tambayi akawun, ya ce Dogo ya zo tun makon farko, ya karanta sharaɗi na shida, ya ce shi bai cika ba, ya juya.

Ɓarawon da ya saci abu ya ƙi amfani da shi? Na dawo ofis na rufe ƙofa da makulli, na ajiye masa rabin takardar nan a gabansa, da tabon lemonta.

Bai yi musu ba. Ya cire tabarau ya riƙe kai. Ya ce ranar da zai tura maƙalar, kamar yadda muke yi kullum, ya ɗaga allon rubutun kwamfutar ɗakin gwaji ya kwafi suna da lambar sirrin da ke manne a ƙasa, ya shiga shafin mujallar da su. Na san takardar, ni ma da ita na tura tara. Anti ce ta buɗe wa Baba tun shekara goma sha biyu, duk ɗakin gwajin da ita muke shiga. Abin da ba mu taɓa lura ba, don dama tauraron na Baba ne kullum, shi ne duk wanda aka shiga da sunansa shi mujalla ke ɗauka mai karɓar wasiƙa, ko me aka sa a cikin maƙalar. Tauraron da na sa da hannuna ba su ko kalle shi ba.

Sai da gyara ya zo akwatin Baba, Anti ta buga, sannan suka gane. Kwana goma sha huɗu aka bayar, ya yi gyaran don kada wa'adi ya wuce. An karɓi maƙalar tun makonni biyar. Ana iya canza mai tauraro kafin a buga, amma sai dukanmu uku mun sa hannu a fom. Shi ne abin da yake kai wa Baba duk Laraba.

Na ce me ya hana ka gaya mini?

"Tsoronki nake ji, Dakta," in ji shi. "Tun ranar nan ba mai iya ambaton sunansa a gabanki. Na ɗauka mako ɗaya zan gyara ɓarnata ba ki ma sani ba."

Na ce to ina sa hannun? Ya ce Baba ya ƙi. Na ce dama na sani. Ya ce a'a, ban sani ba, in je in gani da idona.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa. Duk da haka sai da na gwada shiga shafin da lambar in tabbatar. Gaskiya ya faɗa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je.

Mama, matar Baba, ita ce ta buɗe ƙofa. Ta rame. Ba ta tambaye ni ina na shiga wata uku ba, hannuna kawai ta riƙe ta ja ni ciki, hakan ya fi faɗa ciwo. A baranda ta tsayar da ni ta ce kada in ji komai, wani lokaci ita ma sai ta gabatar da kanta.

Yana falo a kujerarsa, sanye da kayan zuwa aiki, takalmi a goge, jan biro a aljihu, koren fayil a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi daga wata jami'a, ya ce a kawo mini ruwa, ya tambaye ni daga wace mujalla nake.

Na miƙa masa fom ɗin canza mai tauraro da na karɓa wurin Dogo. Ya sa tabarau ya karanta da yatsa, layi-layi, har ya nuna mini inda suka tsallake waƙafi. Da ya iso sunana ya tsaya ya ƙwanƙwasa shi da biro. Ya ce wannan ɗalibarsa ce. Ya ce rijiya arba'in da biyu ta bi da ƙafarta, a ta goma sha bakwai kare ya yaga mata riga, ta koma washegari da sanda. Ni kaina na manta da karen. Ya ce a duk waɗanda ya koyar babu mai hannun awo irin nata, sai dai zuciya, abu kaɗan ta hau sama. Mama ta juya kai wajen taga.

Sannan ya rage murya. Ya ce aikin yarinyar nan akwai masu sa masa ido. Kwanan baya da kansa ya kama wata baƙuwar mata a ɗakin gwaji da littafin awonta a hannu, Allah ya sa ya shigo a kan lokaci.

"Baba, ni ce," na ce. "Ni ce ɗalibarka."

Ya dube ni sosai, babu fushi a idonsa.

"Waccan ma haka ta ce."

Ya ninke fom ɗin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce in yi haƙuri, ba raini ba ne, amma ba ya sa hannu a kan abinta a bayan idonta. Ta zo da kanta.

Na gwada. Na ba shi labarin ranar da na fasa masa kwalba uku a makon farko, ya yi dariya ya ce ashe ta ba ni labari. Na nuna masa katin aikina, ya ce hoton ma bai yi kama da ita ba. Da na matsa sai Mama ta yi mini ido, na bari.

A tasi na yi kuka har direba ya kashe rediyo. Wata uku ina riƙe da mutumin nan a zuciya, ashe gadina yake yi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na ba Dogo haƙuri. Ya ce in bari, laifinsa ne. Na ce laifin takardar da ke ƙarƙashin allon rubutu ne. Mun sha shayi, bai yi daɗi ba.

Mujalla ta ce, ta bakin Dogo, fom babu sa hannu uku ba fom ba ne. Idan marubuci ba zai iya ba sai an kawo takardar likita da ta shugaban jami'a, kwamitinsu ya zauna, wata biyu zuwa uku. Mama kuma ta roƙi Dogo tun farko kada a rubuta lamarin a takarda kowa ya karanta.

Da rana Anti ta kira ni ofishinta ta tura ƙofa. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Hoton sa hannun Baba ne, tsaf, da lanƙwasar nan ta ƙarshe. Ta ce tun yana lafiya ya ba ta don takardun ɗalibai idan ya yi tafiya. Ta ce ita ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba. Ita dai ta ji alƙawarin tauraron da ya yi mini da kunnenta, kuma gobe da ƙarfe goma za ta je kanti.

Baban Auta ya ce haƙƙina ne, mutumin ma so yake ya ba ni, hanya ce kawai ta toshe. Na ce ya ce ba ya sa hannu a bayan idona. Ya ce to ai a gaban idonki za a sa. Na ce ba wasa nake ba. Ya ce shi ma.

Shekara uku. Auta zai gama firamare ina nan inda nake.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Anti ta daɗe a kanti.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Dogo bai fita ba yau. Bai tambaye ni komai ba, ban gaya masa komai ba. Ya sa nasa hannun jiya, kansa a ƙasa.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mujalla ta rubuto. Ni ta rubuto wa a matsayin mai tauraro, da sunana a sama, karo na farko a shekara goma sha biyar. Ga takardar karɓa, ga shafin farko, ga ɗan abin a gefen sunana. Ƙarami ne ƙwarai, da ƙuda ya sauka a kai sai ya rufe shi. Na ɗauka zan yi tsalle.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Na kai fayil. Akawun ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ya ce komai ya cika. Ya ce barka, sau biyu. Me ya sa sau biyu?

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Shugaban sashe ya tare ni a matakala ya ce ya ji Baba ya samu sauƙi har yana sa hannu. Yana murmushi. Ban san irin murmushin ba. Anti na gaishe ni kamar kullum, Dogo na waƙe-waƙensa kamar kullum, ni ce dai duk wanda ya buɗe ƙofa sai gabana ya faɗi.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Na karɓi ambulan daga hannun Dogo na ce yau ni zan kai. Na sa shafin farko na maƙalar a jaka. Tunanina in nuna masa, ko ba zai gane ni ba, ya ga abin da ya so ya faru ya faru.

Yana nan a kujerarsa, takalmi a goge. Ya gane ni, amma a matsayin matar da ta kawo takarda rannan. Ya ji daɗin ganina. Ya jira Mama ta shiga kicin, sannan ya yafito ni da hannu, na matsa kusa har ina jin ƙamshin sabulunsa. Ya tambaya ko ina ganin ɗalibarsa. Na ce ina ganinta.

"To ki gaya mata sun yi ta zuwa. Wani dogo ma sau nawa. Ban sa wa kowa hannu ba. Ki ce ta kwantar da hankalinta, abinta na nan, ba wanda ya taɓa."

Yana faɗa yana alfahari, ƙirji a gaba. Hannuna na cikin jaka a kan takardar. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na zare hannun na zuge jakar, na ce zan gaya mata.

Ya ce yaushe za ta zo, don shi ba ƙaramin yaro ba ne, kuma biron na ƙarewa.

Na ce Laraba mai zuwa.